Shuɗin Zobe a Kan Madarar Wule

Maganar ta dawo kunnena ne a wajen sunan ɗiyar Habiba, daga bakin wata da ba ta san ina bayan labule ba. Wai ni na kori Bappa Sali daga gidanmu na Yola saboda saniya. Na ci gaba da ƙulla cincin a leda. Amma da na dawo gida abin ya tsaya mini a rai, don na san ku ma kun taɓa jin haka, kuma lokacin da abin ya faru wasunku na kwance ba su san inda kansu yake ba, wasu kuma ba su yi wayo ba. To, ga yadda aka yi.

Bappa Sali ƙanen kakanku ne na wajen uba. Shekarar da mutanen Madagali da Michika da Mubi suka kwararo Yola suna gudun masu bindiga, babu gidan da bai yi baƙi ba a unguwarmu. Maƙwabtanmu har a zaure suka shimfiɗa tabarmi. Mu namu baƙon mutum ɗaya ne, sai saniya da maraƙinta. Da hantsi ya iso, ƙafafunsa a naɗe da tsumma, ya yi sallama a ƙofa kamar wanda ya fito daga layin baya. Matarsa Goggo Aisa ta riga ta rasu tun kafin tashin hankalin, 'ya'yansa kowa ya yi ta kansa, garken kuma masu bindiga sun kora gaba ɗaya. Wannan saniyar kaɗai ta tsira, don ranar ya ɗaure ta daban a bayan bukka saboda gwiwarta ta kumbura. Ja ce mai farin goshi, sunanta Wule. Babanku ya share kangon bayan gida, aka kafa mata turke, aka riƙa sayo dusa da harawa daga kasuwa. Bappa ya ƙi ɗakin da na gyara masa, ya ce rumfar da ke kallon turken ta ishe shi.

Kullum bayan sallar asuba sai ya tatse ta, ya kawo ƙwaryar ƙofar madafi a rufe da faifai, ya yi gyaran murya, ya ajiye. Sai ya koma gefe ya zauna yana kallo har ku shanye. Na lura da wani abu tun makon farko. In na kai masa koko kafin ya kawo madarar, sai kokon ya huce a wajen bai taɓa ba. In madarar ta riga ta shigo, sai ya ci komai har ya nemi ƙari. Daga nan na gane ƙwaryar nan ita ce take ba shi damar zama a tabarmarmu ya sa hannu a kwanonmu. Mutum ne da ya saba ciyar da baƙi, bai iya zama baƙo ba.

Ranar farko na juye madarar a tukunya na ɗora a wuta, yadda na saba yi da ta masu talla. Ƙanshin ya kai masa. Sai ga shi a ƙofar madafi, bai shigo ba, kansa a ƙasa. Da Fillanci muke magana da shi, ni ce nake juya muku da Hausa.

"Ɗiyata, a wajenmu ba a ɗora madarar saniya mai shayarwa a wuta. Hantsarta wutar take ci. In ta ƙafe, ni da maraƙin nan ba mu da kowa."

Na san maganar, kakata ma haka take cewa. Na sauke tukunyar, na ba shi haƙuri. Daga ranar ɗanya kuke sha, da ɗuminta da kumfarta. Ni dai ban sha ba, don tun ina yarinya madara ba ta karɓi cikina ba.

Kai Usmanu kai ka fara kwanciya, sai Habiba, sai babanku. Zazzaɓi ne mai wani irin hali. Da safe mutum ya tashi garau har ya nemi abinci, da la'asar ta yi sai sanyi ya kama shi, kafin isha zufa ta jiƙa masa riga kamar an tsamo shi daga Binuwai. Zufar ma warinta daban, kamar ciyawar da ruwa ya daka. Ga ciwon gwiwa da na baya. Suka sha maganin maleriya, aka ce taifot ne suka sha allurai, ya lafa ya dawo. Usmanu ya kai ga sai ya dafa bango yake zuwa bayan gida. Babanku ya daina buɗe shago da yamma. Ni kuwa ina tsakiya lafiyata ƙalau, har wata tsohuwa ta fara yi mini wani kallo.

Ana nan sai Ya Falmata ta zo dubiya. Kun san ta, amma ba ku san farkon mu ba. Iyayenta mutanen Borno ne, mun yi maƙwabtaka da su katanga ɗaya kafin su koma Ajiya a Jimeta. Ita ta yi boko mai zurfi, lokacin tana aiki a ɗakin gwaji na likitocin dabbobi. Ni a zatona aikinta bai wuce yi wa kaji allura ba. Ta zauna bakin katifar Usmanu tana jin labarina, ni kuma kun san ba na gajarta labari. Ta bar ni har na kai ƙarshe, sannan ta ce:

"Mairo, me suke ci wanda ke ba kya ci?"

Na ce tukunya ɗaya muke ci. Sai Wule ta yi kuka daga turkenta. Falmata ta ɗaga kai.

"Saniya ce a gidan nan?"

Na ba ta labarin Bappa, har da maganar wuta. Ta tambaye ni ko saniyar ta taɓa ɓari. Na ce na ji Bappa yana gaya wa babanku ta zubar da ciki kafin wannan maraƙin. Ta tambayi gwiwa, na ce har yanzu da kumburi. Sai ta ce:

"Ban ce ita ce ba. Amma akwai ciwon da Fulaninku ke kira bakkale, yana bin ɗanyar madara ya shiga mutum. Ki aiko mini da madarar in duba."

Na ce to. Amma ta yaya? Ƙwaryar safe a gaban idon Bappa ake shanye ta. Abin da ya rage kaɗan ne nake kwantarwa ya zama nono. To sai na ɗebi nonon, mai kyau, wanda na riga na kaɗe na cire man. Na zuba a kwanon da nake fitarwa don manyan baƙi. Kuma tun da aka haife ni ban taɓa ganin an aika wa mutum nono shi kaɗai ba, sai na saka curin fura a gefe, na rufe da sabon faifai, na ba mai keken unguwarmu. Kafin azahar wayata ta yi ƙara.

"Mairo, gwaji na ce ko walima?"

Ina jin dariyar abokan aikinta a bayanta. Ta ce nonon da ya yi tsami ba ya yi wa irin gwajin da take so, kuma man da na cire shi ne ma abin da aikin yake buƙata. Madara take so sabuwa, da maiƙonta, daga hantsa kai tsaye zuwa cikin kwalbarta, kowane kan nono a tatso kaɗan. Na ce mata ba wanda ke taɓa hantsar Wule sai Bappa.

Na kai wa babanku maganar yana kwance. Ya juya fuska bango.

"Ni zan dubi ƙanen ubana, mutumin da ya rasa komai, in ce masa abin da yake ba mu shi ke kashe mu? Bakina ba zai iya ba, Mairo."

Nawa ma ba zai iya ba. Ni suruka ce, ko sunansa ba na kamawa. Amma ga Usmanu yana ramewa a gabana. Na san in aka gwada aka samu, ƙwaryar safe ta ƙare, kuma in ta ƙare ban san ko Bappa zai iya zama da mu ba. Na yini ina jujjuya wannan a raina ina tankaɗen gari. Da yamma zazzaɓin Usmanu ya taso, na kira Falmata na ce mata ta zo, amma ban san wanda zai buɗe baki ba.

"Ba Bafillace ba ne? Ki bar ni da shi."

Ku 'yan yanzu ba ku cika sanin wannan ba. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni. Abin da ɗan cikinka ba zai iya gaya maka ba, Babarbare zai gaya maka a tsakiyar kasuwa, kuma ba ka da ikon yin fushi. Washegari da sassafe ta iso da 'yar kula mai ƙanƙara a hannu, ta wuce kai tsaye wajen turken Wule ko gaisuwar kirki ba ta yi ba. Ni na laɓe a bakin madafi. Bappa na tsugune ya fara tatsa.

"Ashe bawana ne ya gudo Yola bai zo ya gaishe ni ba?"

Bappa ya ɗago, ya dubi zanen fuskarta, ya gane Babarbariya ce. Tun zuwansa ban ga haƙoransa ba sai ranar. Da Hausarsa ta mutanen daji ya amsa mata.

"Yaushe baiwa ta samu takalmi? Wa ya ba ki izinin shigowa wajen shanu?"

"Shanu? Ina shanun? Wannan gurguwar? Haraji na zo karɓa. Tatso mini a nan."

Ta miƙa masa ƙananan kwalabe. Ya juya ɗaya a hannunsa, ya ce Barebari da rowa, ko roƙo za su yi sai su kawo abin da ba ya cin komai. Suka yi ta yi. A cikin wasan ne ta sako maganar, muryarta ba ta canza ba.

"Tsoho, gurguwarka nake zargi. Ina jin bakkale gare ta, kuma shi ke kwantar da yaran gidan nan. In ƙarya nake, ka ci ni tara."

Hannun Bappa ya tsaya a kan hantsar.  Sai ya ce bakkale ciwon shanu ne, ya san shi tun yana yaro, bai taɓa jin ya kama mutum ba. Kuma madara fara ce tas, ga ta, a nuna masa inda ciwon yake.

"Gobe ka zo ka gani da idonka, kada ka ce Babarbariya ta yi maka ƙage."

Ya wanke hantsar yadda ta ce, ya zubar da tatsar farko a ƙasa, ya cika mata kwalaben da hannunsa. Ta ce madarar za ta kwana a firji tukuna.

Ni ba mai fita ba ce, kun sani. Jimeta ma sai in shekara ban je ba. Amma ranar na ce ƙafata ƙafar Bappa, don ina so in ga yadda ake ganin abin da ba a gani. Muka shiga keke, shi a gefe ɗaya ni a ɗaya, ledar kayana a tsakani. A shingen sojoji aka sauke mu aka duba, aka tambaye shi daga ina, ya faɗi sunan ƙauyensu, sojan ya dube shi ya ce mu wuce.

Ɗakin ba shi da girma. Warinsa kamar na asibiti. Falmata ta sa farar riga da safar hannu, ta ajiye mana kujeru nesa da teburin, ta ce kada mu taɓa komai, ko bango. Ni idona bai zauna wuri ɗaya ba. Na ga wasu 'yan faranta masu murfi an jera, a cikinsu wani abu kamar kunun da ya daskare, wani ja wani ruwan zuma. Na tambaya. Ta ce abincin ƙwayoyin cuta ne. Ƙwaya ɗaya ido ba ya ganinta, to sai a shafa ɗigon madara a kan abincin, a rufe, a sa a akwati mai ɗumi irin na jikin mutum. Kowace ƙwaya sai ta ci ta hayayyafa a inda ta faɗi, har zuriyarta ta taru ta zama ɗigo da ido zai gani. Ta ɗago wani farantin daga nesa, na nonon kasuwa da aka kawo musu. Ɗige-ɗige ne jajaye-jajaye kamar an watsa gero.

"Waɗannan daga kashi suke. Hannun da ba a wanke ba, ko ruwan da aka ƙara. Su ke sa gudawa. Kowace iri da abincin da take so da launin da take nunawa."

Na ce ashe kiwo take yi ita ma. Bappa ya ce kiwon Barebari ke nan, abin da ba ya ba da nono. Na tambaya ko haka za a yi wa ta Wule. Ta ce za a yi, amma ƙwayar bakkale mai nawa ce, tana daɗewa ba ta fito ba, kuma tana da haɗari ga mai aikin, sai a wani ɗaki na musamman. Akwai hanyar da ta fi sauri, ita za mu gani yau.

Ta ɗauko wasu siraran kwalabe kamar yatsa. A ɗaya ta zuba madarar Wule, a ɗaya ta wata saniya da suka tabbatar lafiyarta ƙalau. Sai ta ɗiga wa kowace wani ruwa shuɗi, ta girgiza a hankali. Duka biyun suka koma ruwan bula, ba ka bambance su. Ta ce shuɗin nan ƙwayoyin bakkale ne da aka kashe aka rina. In saniya na ɗauke da ciwon, jikinta ya riga ya yi masu gadi da suka san fuskar ƙwayar, kuma suna fitowa a madararta. Da sun ga rinannun nan sai su cafke su, su manne a jikin maiƙo. Shi kuwa maiƙo kowa ya san halinsa, sama yake tasowa. Sai a lokacin na gane abin da ya sa kwanona na fura bai yi aiki ba.

Ta sa su a akwatin ɗumi ta rufe. Muka zauna kamar tsawon dahuwar wake. Ni na yi ta tambaya, har na leƙa madubin da ke girmama abu, na ga wasu ƙananan abubuwa jajaye kamar sanduna birjik, ta ce daga farantin nonon kasuwa ne. Bappa bai leƙa ba. Carbinsa yake ja yana kallon ƙofar akwatin.

Da ta buɗe, ta ɗago kwalaben biyu wajen hasken taga. Ta lafiyayyar saniyar tana nan shuɗiya, maiƙonta fari a sama. Ta Wule kuwa ta koma fara tas kamar yadda aka tatso ta, sai a can sama, daidai inda maiƙon ya taru, ga zobe shuɗi mai duhu ya zagaye kwalbar. Abin har da kyau. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma har yau in na rufe ido ina ganinsa.

Bappa ya tashi ya matso har Falmata ta ce ya isa haka. Ya daɗe yana kallo. Ta ce masa, wannan karon ba da wasa ba, madarar saniya ɗaya tana iya ruɗin mutum, don haka likita zai zo ya ɗebi jinin Wule, a kuma ɗebi na yaran a asibiti. Kamar bai ji ba. Ya tambaye ta yadda ciwon yake yi a jikin mutum, ta faɗa masa, zazzaɓin yamma, zufa, ciwon baya da gaɓoɓi, ya tafi ya dawo. Ya koma ya zauna. Da Fillanci ya yi maganar, ba da ni yake ba, ba kuma da ita ba.

"Aisa ta yi shekaru a haka. Muka ce iska ce. Ni nake kai mata madarar farko da safe, don ta samu ƙarfi."

Falmata na jin Fillanci sarai, amma ta yi kamar tana gyara kwalabe. 

Jinin Wule ya nuna ciwon. An ce a kan farin tangaran aka haɗa shi da wani jan ruwa, ya dunƙule kamar tsakin gero. Na Usmanu da Habiba da babanku ma ya nuna, har da na Bappa kansa, wanda ciwon bayansa muke cewa tsufa ne. Aka ɗora su a kan magani iri biyu na makonni, mai wahalar sha. Can daga baya, lokacin har mun daina jira, Falmata ta kira ta ce ƙwayar ta fito a farantinsu. Yanzu da ta yi ritaya tana ba ni labarin wai akwai injin da ke gano ƙwayar daga ɗigon madara a yini ɗaya, ba sai an jira ta girma ba. Na ce ta kai ni in gani, ta ce ita ma a waya ta gan shi.

Likitan dabbobi ya zo gida ya yi bayani a zaure. Ya ce ciwon ba ya barin saniya. Abin da ya fi shi ne a kai ta mayanka a ƙarƙashin kulawarsu. In ba za a yi haka ba, kada a haɗa ta da wasu shanu, kada a kai ta wajen bijimi, kada yara su raɓe ta, madararta kuma sai an tafasa sosai. Babanku ya ce zai nemo wa Bappa wata saniyar. Ni kuma na aje kunya na je har bakin rumfarsa na durƙusa.

"Bappa, ka ci gaba da kawowa. Zan tafasa, mu sha. Likita ya ce wuta ba ta taɓa hantsa."

"Likita ya san kwalba, ɗiyata, na yarda da shi a kan kwalba. Amma Wule ta taka daga can har nan da gurguwar ƙafa, tana ba ni abin da zan sha a hanya. Ba zan sa a yanka ta ba, ba zan ɗora ta a wuta ba. Wata saniyar kuma ta babansu Usmanu ce, ba tawa ba."

Daga ranar bai ƙara tatsar ta ba, ya bar wa maraƙin. Abin da nake tsoro kuwa ya faru. Kwanon abincinsa ya riƙa dawowa kusan yadda na kai. Na canza miya, na yi masa dambu, na aika Falmata ta je ta zage shi, ya yi dariya ya ci loma biyu don ita. Yana shan maganinsa, yana zuwa masallaci, yana tambayar jikin yara kullum, amma mutumin ya zama kamar wanda ke jiran mota. Rannan ya dawo daga Juma'a ya ce ya haɗu da wani mutumin ƙasarsu da ke noma a Ngurore, yana neman wanda zai zauna masa a gona, can nesa da garken kowa. Babanku ya yi magana har muryarsa ta shaƙe. Liman ya sa baki. Bappa ya saurari kowa da ladabi, ya ce Allah ya yi albarka, ya ci gaba da ɗaure kayansa.

A can ya zauna har Allah ya karɓi abinsa, yana gadin masara yana cin guminsa. Muna zuwa masa, yana zuwa mana da salla, kullum da ɗan buhun wani abu a kafaɗa. Wule tsufa ne ya kashe ta, a turkenta, ita kaɗai. Wannan shi ne abin da kiran Falmata ya jawo, kuma ni na kira ta, ban ɓoye ba. Gidan ya rasa dattijonsa, babanku ya daɗe yana jin nauyin abin a gaban dangi, ni kuma aka ba ni sunan da kuka ji. Amma ranar tafiyar nake so ku sani, don ba wanda ya gan ta sai ni da Usmanu, shi kuma ya ce bai tuna ba.

Da hantsi ne. Motar da za ta ɗauke su ta tsaya a bakin layi, don lungunmu ba ya shigar mota. Bappa ya kwance Wule, maraƙin na bin ta, ya biyo da su ta tsakar gida. Usmanu lokacin ya fara samun ƙafa, yana zaune a bakin ƙofa yana shan iska. Da ya gan su sai ya miƙe ba tare da ya dafa komai ba, ya tako har tsakiyar gidan. Bappa ya tsaya yana kallon ƙafafun yaron, tun daga tasowarsa har isowarsa. Usmanu ya miƙa hannu zai shafa farin goshin Wule, yadda ya saba. Bappa ya riƙe hannun tun bai kai ba, ya mayar da shi a hankali, ya ɗora a kan nasa gemun.

"Ni za ka shafa. Ita daga nesa za ka yi mata sallama."

Sannan ya juyo wajena, karo na farko da ya dube ni ido cikin ido.

"Ɗiyata, ki gaya wa baiwar nan tawa ta Jimeta, ba ƙarya ta yi ba, ba zan ci ta tara ba."

Ya ja igiyar, suka fita.